Ganau da Jiyau: Tattara Labarin Asalin Zuriya da Tsara Madogararsa a Kudancin Nijar

Gabatarwa

Sanin asali tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa. Tun kafin takardar Nasara ta shigo, akan binciki asalin mutum kafin a ba shi aure, akan lissafa kakanninsa kafin a naɗa masa rawani, kuma idan rigimar iyakar gona ta tashi akan kira dattawa su faɗi wanda ya fara sare dajin. Waɗannan buƙatu ba su gushe ba. Har yanzu mai neman sarautar kanto sai ya nuna cewa shi ɗan gidan sarauta ne, kuma tun da aka kafa dokar filayen karkara a 1993 shaidar gado ta ƙara nauyi a gaban hukuma. Abin da ya sake shi ne, dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zuwan Nasara sun kusa ƙarewa, aikin riƙe asali kuwa yana komawa hannun masu alƙalami.

Rubutu yana da nasa haɗari. Maganar da aka rubuta ba tare da an faɗi inda aka samo ta ba takan rikiɗe ta zama hujja, don kawai tana kan takarda. Wannan maƙala za ta duba yadda aka tattara labarin zuriyoyi a Damagaram, da Maraɗi, da Adar, da irin tarkon da harshe da lissafin shekaru suke ɗana wa mai bincike, sa'an nan ta kawo hanyar tsara abin da aka tattara yadda wanda zai zo baya zai iya gwada shi.

1. Waɗanda suka riga suka tattara

Masu riƙe asali na farko su ne maroƙan fada da makaɗa, waɗanda aikinsu ne su jera sunayen sarakuna da kirarinsu a ranar salla ko naɗi. Malamai kuma sukan rubuta ranar haihuwa, ko rasuwa, ko wani babban al'amari a gefen littafi ko a bayan warƙar ƙarshe. Manyan fadoji sun ajiye rubutattun jerin sarakuna: Borno tana da girgam, wanda Heinrich Barth ya sami kwafinsa a Kukawa a tsakiyar ƙarni na 19, Kano tana da tarihinta wanda Palmer ya fassara a 1908, Agadas tana da nata, wanda Yves Urvoy ya buga a 1934.

A farkon 1851 matafiya uku na Turai suka rabu a Damargu. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, James Richardson ya sauka Damagaram. Amfanin rubutunsu ga mai binciken zuriya shi ne suna sa kwanan wata a kan abin da suka gani da ido.

Babban aikin tattara labarin baka na farko ya zo tare da shata iyaka. Daga 1906 zuwa 1909 ayarin Jean Tilho ya bi iyakar mulkin Faransa da na Ingila daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Tafintan ayarin, Moïse Landeroin, wanda ya ji Hausa har ya wallafa ƙamus da nahawunta tare da Tilho, ya zauna da sarakuna da dattawa ya rubuta jerin sarakunan ƙasashen da suka ratsa. An buga wannan sashe a 1911. Yawancin shekarun sarauta da ake karantawa yau a littattafan tarihin Maraɗi, da Gobir, da Damagaram, daga nan suka samo tushe, ko kai tsaye ko ta hannun waɗanda suka kwafa daga gare shi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aikin ya shiga hannun ƴan ƙasa. Bubu Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda suka zama tushen taskar da ke cibiyar IRSH a Yamai. A 1968 aka kafa cibiyar tattara labarin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda daga baya ta zama CELHTO, kuma a 1972 Julde Laya ya fitar da littafi a kan hanyoyin wannan bincike. Andre Salifu ya buga tarihin Damagaram a 1971. A 1975 Jibo Hamani ya buga tarihin Adar kafin zuwan Nasara, Nicole Echard kuma ta buga nata a kan manoman Adar, inda ta bi labarin ƙaura da kafa garuruwa zuriya zuriya. Aikin Echard ya nuna cewa gidan talaka ma yana da tarihin da za a iya bi, ko da ba shi da tambari.

2. Darasi daga jerin sarakunan Damagaram

Gidan sarautar Damagaram yana cikin zuriyoyin da aka fi rubutawa a Nijar, amma duk da haka yana ɗauke da kusan kowace matsalar da mai binciken ƙaramin gida zai tarar.

Ta farko ita ce maimaita suna. A ƙarni na 19 kaɗai an yi Suleman biyu, watau Suleman ɗan Tintuma wanda ya mai da fada Zindar, da Suleman ɗan A'isha wanda ya yi sarauta daga 1884 zuwa 1893. An yi Ahmadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, kuma aka ci shi da yaƙi a Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, sa'an nan aka yi Ahmadu ɗan Bassa, wanda Faransawa suka tuɓe a 1906. Wanda ya rubuta «zamanin Sarki Ahmadu» ya tsaya nan, bai bar wa na bayansa abin kamawa ba. Abin lura kuma shi ne, da sunan uwa aka bambanta Suleman na biyu, domin a gidan da ƴan uba suka yi yawa ɗakin da mutum ya fito shi ne alamarsa.

Ta biyu ita ce sarauta sau biyu. Ibrahim ɗan Suleman da ɗan'uwansa Tanimu sun yi ta karɓe gadon sarauta daga juna: Ibrahim ya hau, Tanimu ya hau na ɗan lokaci wajen 1841, Ibrahim ya dawo, daga baya Tanimu ya sake hawa ya zauna har rasuwarsa a 1884. Jerin baka yakan ambaci kowane suna sau ɗaya, ya haɗe shekarun, sai lissafi ya karkace. Shi ya sa wasu littattafai suke fara sarautar Tanimu ta biyu daga 1851, wasu daga 1854.

Ta uku ita ce hanyar da aka bi aka sami shekarun. Dattawa ba su ba Landeroin shekarun Miladiyya ba. Abin da suka riƙe shi ne tsawon sarauta, wane ya shekara kaza, wane ya shekara kaza. Daga nan ake lissafi da baya, a fara daga shekarar da aka tabbatar, a yi ta ragewa. Kuskuren shekara biyu a sarauta ɗaya yakan bi dukan jerin har sama. Maganin wannan shi ne a sami turke daga waje. Richardson ya tarar da Ibrahim a kan gado a watannin Janairu da Fabrairu na 1851, ya kuma rubuta haka a littafin tafiyarsa. Duk lissafin da ya ɗora Tanimu a kan gado a waɗannan watanni ya saɓa wa ganau.

Idan gidan da ke da maroƙa, da malaman fada, da baƙin Turawa masu rubutu ya bar irin wannan saɓani, to gidan maƙeri ko na mahauci ya fi buƙatar a yi masa aiki da tsanaki.

3. Iri-irin madogara

Madogarar mai binciken zuriya ta kasu kashi uku, kowace da inda take da ƙarfi da inda take da rauni.

Kashi na farko shi ne baka. A nan akwai jerin kakanni, da kirarin gida, da taken sana'a, da labarin ƙaura. Akwai kuma shaidun da ba magana ba ne amma sai da baki ake fassara su, kamar tsagar fuska, da abin da gida ba ya ci, da kan gida a wurin zuriyoyin Azna na kwarin Maraɗi waɗanda Guy Nicolas ya yi nazari, da wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ko Gobirawa da Zabarmawa. Maza sukan riƙe jerin uba da kaka. Tsofaffin mata su ne suka fi sanin wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wance, wane yaro ne aka ba riƙo. Binciken da ya tsaya a zaure bai shiga cikin gida ba, rabin zuriya ya samu.

Kashi na biyu shi ne rubutun gida: wasiƙun fatake, da takardun rabon gado na alƙali, da ijazar karatu mai jera sunayen malamai, da abin da aka rubuta a gefen littattafai. Irin waɗannan sukan zo da kwanan wata, amma a gidajen malamai da attajirai aka fi samunsu.

Kashi na uku shi ne takardun bariki. Kumandan yakan fita rangadi ya ƙidaya mutane saboda lanho, a rubuta sunan mai gida da matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Akwai rahoton rangadi, da littafin bayanin yanki, da takardar da ake ajiye wa kowane sarkin kanto, da rajistar kotu. Ana samun su a taskar tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence a Faransa, kuma ga zuriyar da iyaka ta raba, a Kaduna. Sai dai a riƙa tuna dalilin da ya sa aka rubuta su. Mutumin da ya san ƙidaya tana jawo lanho, da aikin dole wanda ba a soke ba sai 1946, da ɗaukar soja, da kama yara zuwa lakkol, ba zai kawo dukan ƴaƴansa gaban kumandan ba. Rashin suna a rajista ba ya nuna rashin mutum. Haka kuma asalin da aka faɗa wa kumandan lokacin da ake neman sarauta, magana ce ta mai nema.

4. Tarkon sunaye

Bahaushe ɗaya yakan amsa suna uku ko huɗu. Akwai sunan yanka, akwai sunan rana irin su Ɗanladi, Balarabe, Jummai, Asabe, akwai sunan yanayin haihuwa irin su Tanko wanda ya biyo mata, Kande wadda ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa. Sunan yanka kansa yana da abokan tafiya: Abubakar shi ne Garba, shi ne Bukar ko Habu, Umaru shi ne Sanda, Usmanu shi ne Shehu ko Mani, Musa shi ne Kalla, A'isha ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu. Idan dattijo ɗaya ya ce Garba, wani ya ce Abubakar, mai binciken da bai kula ba sai ya raba mutum ɗaya gida biyu. Sarakuna ma sukan sami suna bayan mutuwa daga wurin da suka rasu, kamar Abdullahi Maje Karofi da Usman Maje Ringim na Kano.

Alkunya tana ƙara rufe suna. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba su kiran ɗan fari da sunansa, suruka ba ta ambatar surukinta. Ba daidai ba ne a matsa wa tsohuwa ta karya wannan. A tambayi jikanta, wanda wasa ke tsakaninsu, ko wata ƴar'uwarta. Alkunya kuma takan zama jagora: yaron da ake ce wa Abba ko Baba, ko yarinyar da ake ce wa Uwa ko Ummi, yawanci sunan kaka suka ci, saboda haka sunan yankansu yana nuna sunan wanda ya gabata.

Kalmomin dangantaka su ma suna da faɗi. «Ɗa» yakan haɗa wanda mutum ya haifa, da ɗan wansa, da ɗan riƙo, da agola, har da almajirin da ya girma a gida. «Wa» da «ƙane» ba su bambanta shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan baffa. Duk inda aka ji «ɗansa ne», tambayar da ke biye ita ce, shi ya haife shi, kuma wace ce uwar.

Daga nan sai rubutu. Magatakardan bariki sun rubuta sunaye da kunnen Faransanci, ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba su nuna tsawon wasali. Ƙaura ya zama Kaoura, Ciroma ya zama Tchiroma, Shu'aibu ya zama Chaibou, Tsibiri ta zama Tibiri, Tasawa ta zama Tessaoua. Muhammadu ɗaya yana iya fitowa Mahamadou a wannan rajista, Mahamane a waccan, Mamane a ta uku. A takardun hukuma akan juya tsarin suna, na uba ya riga na ɗa, har a ɗauki ɗa a matsayin uba. Ɗan'uwan da ya zauna Katsina ko Daura kuwa an rubuta shi da ƙa'idar Ingilishi, wataƙila ma ya ɗauki sunan garinsu a makaranta. Ajami shi ma ba ya raba o da u. Ƙa'ida a nan ita ce a kwafi suna daidai yadda yake a takarda, harafi da harafi, sa'an nan a rubuta shi a gefe da daidaitacciyar Hausa, wadda aka tsara a taron Bamako na 1966, aka daidaita tsakanin Nijar da Najeriya a Yamai a 1980, hukuma kuma ta tabbatar a 1999. Gyara suna a cikin kwafi ɓata shaida ne.

5. Tarkon shekaru

Takardun shaida na dattawa da yawa suna ɗauke da kalmomin «né vers», watau an haife shi wajen shekara kaza. Wannan kintace ne na ma'aikaci da ya dubi fuska, ko na shaidu a gaban alƙali shekaru da yawa bayan haihuwar. An kuma sha rage wa yaro shekaru don ya sami shiga lakkol. Irin wannan shekara a rubuta ta tare da alamar cewa kintace ce.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne a ɗaure haihuwa, ko aure, ko ƙaura a jikin wani al'amari sananne. Kowane yanki yana da nasa turaku. Akwai yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka rasu. Akwai wucewar ayarin Voulet da Chanoine ta Lugu da Birnin Ƙonni a 1899, da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, da mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, da ambaliyar da ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945, da ƙuri'ar 1958, da juyin mulkin 1974, da yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari. Tambayar da ke ba da amsa mai amfani ita ce ta girman jiki da aiki: lokacin ambaliya ana goyonki ne, ko kin fara talla, ko an yi miki aure. Sunan yunwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a rubuta sunan yadda aka faɗe shi da garin da aka faɗe shi.

Rubutun malamai yana bin shekarar Hijira, mai kwana 354, wadda ta gaza ta Miladiyya da kwana 11. Shekara 33 ta wata daidai take da 32 ta rana. Shekarar 1300 ta Hijira ta kama a Nuwamba 1882, saboda haka abin da aka ce ya faru a 1300 yana iya zama a 1882 ko 1883, sai an san watan. Yaƙin Tirmini ya faɗo a cikin 1317. A kati, a rubuta shekarar Hijira yadda take, a sa ta Miladiyya a gefe a matsayin lissafin mai bincike.

Akwai kuma gwajin tsawon zuriya. Idan aka ba kowane hawa shekara 30, dattijon da aka haifa wajen 1940 mai lissafa kakanni shida zai kai wajen 1760. In jerin ya ce na shidan ya zo tare da Bayajida, to an tsallake sunaye a tsakiya, abin da ya zama ruwan dare a jerin baka: ana riƙe wanda ya kafa gida da na kusa, na tsakiya su zube. Wannan awo na shekara 30 ba doka ba ne, domin a gidan mata da yawa mutum yakan haihu yana da shekara 60, ɗan auta ya zama sa'an jika.

6. Tsarin ajiya

Malaman hadisi sun daɗe da kafa ƙa'idar da mai bincike yake buƙata: ba a karɓar magana sai da isnadinta, wane ya ji daga wane. Hausa ma ta raba ganau da jiyau. Tsarin ajiya duka a kan wannan yake tsaye, kuma kayan aikinsa uku ne.

Na farko shi ne littafin madogara. Kowace hira, kowace warƙa, kowace rajista tana samun lamba tata wadda ba za a sake ba wani abu ba. A ƙarƙashin lambar hira a rubuta:

a) sunan mai ba da labari, da kimanin shekarunsa, da sana'arsa, da dangantakarsa da zuriyar;
b) gari da unguwa, da ranar da aka yi hirar;
c) waɗanda suke zaune a wurin, domin abin da ake faɗi a gaban sarki dabam yake da abin da ake faɗi a ɗaka;
d) daga wa ya ji, kuma ko ya taɓa karanta labarin ko ya ji shi a rediyo;
e) harshen da aka yi magana da shi, da wanda ya yi tafinta in akwai.

Tambaya ta huɗu tana da muhimmanci ƙwarai a yau. Abin da Landeroin ko Urvoy suka buga ya shiga littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo, ya koma bakin mutane. Mai bincike yana iya jin dattawa uku sun yi magana ɗaya ya ɗauka shaidu uku ne, alhali littafi ɗaya ne ya yi magana sau uku.

Ga takarda kuwa, a rubuta mai ita, da inda take ajiye, da girmanta, da irin rubutun. In ta taska ce, a sa lambar da taskar ta ba ta da shafin.

Na biyu shi ne katin mutum. Kowane mutum a zuriya yana da kati ɗaya da lamba ɗaya, a jera dukan sunayensa a kai, da uba, da uwa, da aure, da ƴaƴa bisa ɗakunansu. Kowace magana a kan kati tana ɗauke da lambar madogararta. Idan madogara biyu suka saɓa, a rubuta su duka biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ba a goge wadda ba a so. Mata su sami katinsu kamar maza, domin ta wurinsu ake gane haɗin gida da gida da gari da gari.

Na uku shi ne kayen mai bincike, inda yake rubuta zatonsa, da tambayoyin da suka rage, da wuraren da ya duba bai sami kome ba, don kada wani ya sake wahalar. Abin da aka faɗa, da fassararsa, da ra'ayin mai bincike, kada su haɗu a layi ɗaya. Hira a rubuta ta da karin harshen mai magana: in Ba'adare ya ce «sun ka taho», haka za a rubuta, domin karin harshe kansa shaida ne a kan inda gida ya fito. Bishiyar zuriya ita ce aikin ƙarshe, a ja layi cikakke inda shaida ta tabbata, a ja mai ɗigo-ɗigo inda zato ne.

Gara, da yoyon damina, da gobara sun cinye takardun gidaje da yawa. Littattafan gafaka ba ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a jere, don haka a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an hargitsa jerin ba, a mayar wa mai su. Kaset ɗin da aka ɗauka a shekarun 1970 da 1980 suna lalacewa, ya kamata a juye su a kwamfuta. Wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar murya da hoto, amma muryar da ba ta da lamba da kwanan wata, in waya ta ɓace ko mai ita ya rasu, ta tafi ke nan. A sa wa kowace murya lambar da ke littafin madogara, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma buga katunan a takarda.

7. Amana

Binciken asali yakan tono abin da gida ya binne. Damagaram babbar kasuwar bayi ce a ƙarni na 19, kuma a ko'ina cikin ƙasar Hausa akwai zuriyoyin da suka fito daga bayi da dimajai, suka saje da gidajen da suka riƙe su. Ko da yake dokar Nijar ta 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, gorin asali bai mutu ba, yana iya hana aure har gobe. Haka nan maganar cikin shege, ko kakan da ya yi tsafi, ko gonar da aka karɓa aro aka riƙe. Mai bincike ya rubuta abin da ya ji, domin ɓoye shi ɓata tarihi ne, amma ya ware shi a sashen da ba a buɗewa sai da izinin masu shi. Tun kafin a fara hira a gaya wa mai magana inda maganarsa za ta je, a kuma girmama abin da ya ce kada a fitar. Idan wani ɓangare na masu rigimar sarauta ko gona ya nemi katunan, a ba shi su da saɓaninsu duka, kada a tsince masa abin da ya yi masa daɗi.

Kammalawa

Abin da ya sa ake iya gyara shekarun sarautar Damagaram a yau shi ne an san wanda ya tattara jerin, da lokacin da ya tattara, da yadda ya yi lissafi, kuma akwai ganau na 1851 da za a gwada shi da shi. Gidan talaka ba zai sami wannan gata ba sai in mai rubuta asalinsa ya bar irin wannan sawu. Jerin sunaye goma mai faɗin wanda ya ba da kowane suna ya fi jerin talatin da ba a san mafarinsa ba, domin na farko ana iya ƙara masa, ana iya gyara shi, alƙali ma yana iya auna shi. Dattawan da suka ga ambaliyar Maraɗi da idonsu sun haura shekara tamanin. Aikin da ya fi gaggawa shi ne a zauna da su, da su da tsofaffin matan gidajensu, a ɗauki maganarsu, a sa mata lamba da kwanan wata.